Birkin Rakoda da Masu Gyaran Funtuwa

Daga tsakiyar shekarun 1970 har zuwa ƙarshen na 1990, idan kaka ta yi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, manomi ya kai audugarsa fuloti ya karɓi kuɗi, ya biya bashin taki, ya yi wa iyali ɗinki, abin da ya rage yakan tafi ne ga keke, ko kwanon rufi, ko rakoda. Saurayi kuwa ba ya ma dogon tunani. Rakoda zai saya, National ko Sanyo ko Sharp, mai cin manyan batura huɗu ko shida, a ɗinka mata riga, ya rataya ta a kafaɗa zuwa dandali da gona da gidan biki. Mai saye yakan tambayi ƙarfin sifika, ya tambaya ko tana kama Kaduna da BBC tangaran. Ba wanda yake tambayar yadda take tsayawa. Alhali tsayawar tana cikin abubuwan da suka fi ba injiniyoyin Jamus da Holan da Japan wahala a jikin wannan na'ura, kuma ita da 'yan uwanta ne suka riƙa kai rakodojin Bakori da Ɗanja da Ƙafur teburin mai gyara da kuka iri ɗaya: "Malam, ta fara cin kaset."

Ba banza ba rakoda ta samu gindin zama da wuri a wannan yanki. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929 auduga da gyaɗa ya zo ɗauka. Kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, aka kuma buɗe gonar iri a Daudawa. A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya zaɓi Funtuwa, tare da Gusau da Gombe, don gwajin farko na manyan ayyukan bunƙasa noma, sai ga taki da hanyoyin karkara da ma'aikata masu albashi. A daidai lokacin kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo aljihun ma'aikatan gwamnati a 1975, masaƙar Funtuwa ta biyo baya kafin shekarun su ƙare. Kuɗi sun shigo, kantuna sun cika da kayan Japan, kuma a garin akwai abin da ya cancanci a naɗa, domin nan Alhaji Mamman Shata ya yi zamansa mafi tsawo, nan kuma Barmani Coge take kiɗan amada.

Shi kansa zaren naɗar sauti ya girmi wannan zamani da nisa. Wani injiniya mai suna Fritz Pfleumer ne ya yi rajistar dabarar shafa garin ƙarfe a kan siririyar takarda a Jamus a 1928, kamfanin AEG ya nuna injinsa na Magnetophon a Balin a 1935 da zaren da masana'antar BASF ta yi masa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani sojan Amurka, Jack Mullin, ya kwashi irin injinan ya kai gida, daga nan Ampex ta fito da nata a 1948. Waɗannan duka masu faifai biyu ne a fili, ɗaya hagu ɗaya dama, zare yana tashi daga wannan ya bi ta gaban kan naɗa sauti ya naɗe a wancan. Irinsu gidajen rediyo suka yi aiki da su shekara da shekaru, har da gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanonin EMI da Granada na Ingila. Duk wanda ya taɓa jin Shata ko Ɗanƙwairo ko Ɗan Maraya Jos a kan mita 49 a wancan lokaci, in ba faifan garmaho aka sa ba, to daga irin wannan zare muryar ta fito. Masu bincike irin su David Ames da Anthony King, da suka naɗi kiɗan Zariya da Katsina a shekarun 1960, su ma zaren faifai suka yi ta yawo da shi.

A jikin babban injin ne matsalar birki ta fi fitowa fili, don haka daga can ya kamata a fara.

Idan ana saurare, ba faifan ne ke jan zare ba. Akwai wata siririyar sandar ƙarfe mai juyawa da gudu ɗaya tak, tayar roba tana danne mata zaren, su biyun su riƙa tura shi santimita 19 ko 38 a kowace daƙiƙa. Aikin faifan dama ya karɓa, na hagu ya bayar. Amma mai bayarwar ba a sakinsa haka kawai, sai an ɗan riƙe shi, don zare ya kwanta sosai a kan kai, murya ta fito. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masaƙin gargajiya ya ga wannan dabara: zaren tsaye yana ɗaure da kunkuru can nesa, an ɗora masa dutse, masaƙi yana saƙa yana jawo shi a hankali. Dutsen ya yi sauƙi, zare ya saki, saƙa ta ɓaci. Ya yi nauyi, zare ya tsinke.

Wannan mai sauƙi ne idan aka gwada da abin da ke faruwa wajen tariya. Babban faifan gidan rediyo yana da faɗin inci 10 da rabi, yana ɗauke da zare ƙafa 2,400, wato mita 730 da ɗoriya, inji kuwa yakan tariyo shi duka cikin minti biyu ko kusa da haka. Ke nan zaren yana gudun mita 6 a daƙiƙa, ninkin gudun saurare sau 30 in an naɗa shi a kan santimita 19. Sai ma'aikaci ya danna tsayawa. Faifai biyu ne masu nauyi daban, ɗaya ya kusa cika, ɗaya ya kusa ƙarewa, kowanne yana son ya ci gaba da juyawa, kuma abin da ya haɗa su bai kai kaurin gashin kai ba. Idan mai karɓa ya riga tsayawa, mai bayarwa zai ci gaba da amayo zare, ya zube ƙasa ko ya cukurkuɗe a ƙarƙashin faifai. Idan kuma mai bayarwa ya ƙame nan take alhali mai karɓa yana da sauran gudu, zaren ne zai biya. Tsohon zare na asiteti yakan tsinke ɓal, wannan da sauƙi, a yanke a liƙa. Na foliyesta da ya zo daga baya ba ya tsinkewa da wuri, miƙewa yake yi ya zama tsirit, kuma duk muryar da ke wurin ta tafi ke nan, babu mai gyaran da zai dawo da ita.

Maganin da aka samo shi ne a taka wa duka biyun birki lokaci guda, amma na mai bayarwa ya fi na mai karɓa kamawa, don zaren ya kasance a miƙe har su tsaya. Sai dai da sauran rina a kaba. Faifan da yake bayarwa in ana tura zare gaba, shi ne mai karɓa in ana tariyowa. Ta yaya inji marar kwamfuta zai san wane ne wane?

Amsar tana cikin siffar birkin kansa, kuma tana cikin dabaru mafi kyau da aka taɓa sa wa na'urar sauti. Ƙarƙashin kowane faifai akwai 'yar ganga da ke juyawa tare da shi. Aka kewaye gangar da siririyar ɗamarar ƙarfe, aka sa ƙyalle a tsakaninsu, ko na auduga, ko dannannen ulu irin na jar dara, ko ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi. Bakin ɗamarar ɗaya a kafe yake, ɗayan yana jikin sifirin. In gangar ta juya ta ɓangaren da take jan ɗamarar daga inda aka kafe ta, sai ɗamarar ta ƙara naɗe ta, ta shaƙe ta da kanta. In ta juya ta ɗaya ɓangaren, sai ta riƙa ture ɗamarar tana sassauta ta, ƙarfin sifirin kaɗai ya rage. Injiniyoyi suka ɗaura ta hagu da ta dama suna kallon juna, ta yadda kowace ganga za ta fi shaƙuwa a lokacin da faifanta ke sakin zare. Babu waya, babu lissafi. Juyin da kansa ne ke zaɓen wanda za a fi riƙewa.

Saura wanda zai ba birkin umarni. A injinan gida masu moto ɗaya, yatsan mai inji ne. Kowane maɓalli yana tura doguwar liba ta ƙarfe a ciki, libar tana da tudu da kwari da aka yanka da gangan don abubuwa su faru bi da bi: birki ya saki tukuna, sannan tayar roba ta danne zare, sannan faifai ya karɓa. Shi ya sa maɓallan tsofaffin injina suke da tauri, kuma shi ya sa ba su yarda a tsallaka daga tariya zuwa saurare sai an bi ta kan tsayawa. Akwai ƙarfen da ke tare hanya. Mai gaggawar da ya danne shi da ƙarfi ya lanƙwasa libar, ya ɓata jerin ke nan. A injinan gidan rediyo masu moto uku, irin na Ampex da Studer da Revox A77 da ya fito a 1967, maganaɗisun lantarki ne ke janye ɗamarar, sifirin kuma ya mayar da ita. Tsarin yana da hikima: wuta ce ke sakin birki, rashin wuta ke kama shi. A ƙasar da aka san halin NEPA tun kafa ta a 1972, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar tariya, faifan suna tsayawa da kansu maimakon su watsar da tafsirin dare guda a ƙasa. Duk da haka ƙwararrun ma'aikata ba su cika dogara da birki kaɗai ba. Sukan danna juyin baya na ɗan lokaci don moto ya rage gudun, ko su ɗora tafin hannu a gefen faifai, sannan su tsayar.

Akwai ma wata dabarar da ta fi wannan laushi. Faifan da ya cika da wanda ya kusa ƙarewa ba sa bukatar riƙo iri ɗaya, don haka wasu injinan suna da ɗan hannu da zare ke bi ta jikinsa, hannun kuma yana ɗaure da ɗamarar birki. Zare ya yi tauri, ya ja hannun, ɗamara ta sassauta. Zare ya saki, sifirin ya mayar da hannun, ɗamara ta kama. Haka suke ta yi daga farkon faifai har ƙarshensa.

Manomin Dandume bai taɓa mallakar irin wannan inji ba. Abin da ya zo hannunsa shi ne kaset, wanda ma'aikatan kamfanin Philips ƙarƙashin Lou Ottens suka ƙera, aka nuna wa duniya a Balin a watan Agusta na 1963. Philips ta bar sauran kamfanoni su yi irinsa kyauta, Japan ta cika duniya da shi. An rage faɗin zaren zuwa milimita 3.81, gudunsa zuwa santimita 4.76 a daƙiƙa, aka rufe faifan biyu cikin ɗan akwatin roba suka koma 'yan kwarkwaro. Nauyi ya ragu, amma matsalar ba ta tafi ba, sai ma ta shige inda ido ba ya gani.

Cikin rakoda moto ɗaya ne, da bel, da tayar ƙarfe mai nauyi da ke daidaita gudu. Kwarkwaron da ke karɓar zare dole ya riƙa canza gudu: yana fanko yakan juya kusan sau 40 a minti, in ya cika ya koma ƙasa da sau 20, alhali moto gudunsa ɗaya. Abin da ke sasanta su ɗan kuloci ne, faranti biyu na roba da ƙyallen ulu a tsakani, sifirin yana matse su, suna zamewa a kan juna tun daga bismillar kaset har ƙarshensa. Birkin kuwa wani ɗan faranti ne mai yatsu biyu, galibi da roba a bakinsu, da ke taɓa gindin kwarkwaron biyu in an tsaya, ya janye in an danna kowane maɓalli. A rakodoji masu araha ma wasu kamfanonin sun cire shi ɗungurungum, suka bar wa zare sa'arsa.

In mai rakoda ya ce ta ci kaset, mai gyara ya san inda zai duba. Ko ƙyallen kuloci ya suɗe, kwarkwaro ya daina karɓa, sandar ƙarfe kuma ba ta sani ba, tana ta turo zare har ya cika cikin injin ya yi lanƙwasa-lanƙwasa. Ko tayar roba ta yi datti ta yi danƙo, zare ya manne mata ya naɗe. Ko kuma birki ya mutu, an tariyo an tsayar, zare ya yi ɗan lilo a cikin kaset, da aka danna saurare sai sandar ta cafke lilon ta naɗe. Kaset mai minti 120 ya fi kowanne shiga wannan hali, don zarensa bai wuce rabin kaurin na mai minti 60 ba sosai, kuma shi masu son naɗar dogon wa'azi suka fi sha'awa.

Ƙasar ma ba ta raga wa injin ba. An ƙera shi ne don ɗakin da ke da tagar gilashi, sai ga shi a kan amalanke. Ƙurar hunturu tana shiga ta kowace kafa, kuma lokacinta ne lokacin cinikin auduga, ga burtuntunarta tana yawo a iska. Zafin bazara yana sa bel ya saki, wani ma ya narke ya zama baƙin danƙo. Damina a kudancin Katsina ta fi ta arewacin jihar ruwa, danshinta yana sa liba tsatsa, kyankyasai su samu ɗaki. Sannan ga kuskuren da ya fi kowanne yawa, wanda kuma da kyakkyawar niyya ake yinsa: mutum ya ji rakodarsa tana ƙara, ya buɗe ya ɗiga mata man keken ɗinki ko'ina. Birki da kuloci da gogayya suke aiki. Mai ya taɓa ƙyallen, sun tashi daga aiki.

Masu gyaran rediyo, a bakin kasuwa da kusa da tashar mota, su suka ɗauki wannan kaya. Sana'a ce ta koyo a gaban maigida, yaro ya fara da share teburi da riƙe tocila, ya kai ga kwance sukurori, sai an jima a bar shi ya taɓa dalma. Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba, ɗan hantsaki, mita, ƙarfen dalma wanda in babu wuta a ɗora shi kan risho ko gawayi, kwalbar sifirit da auduga. Kamfanoni suna da kaset na musamman mai allura da ke auna ƙarfin jan kuloci. A nan yatsa ne ma'auni. Mai gyara zai danna saurare ba kaset a ciki, ya kama kan kwarkwaron da yatsu biyu, ya ji ko yana ja ko yana lallaɓawa. Sannan ya sa kaset ɗin gwaji, wanda ba a jin asararsa, ya tura gaba ya tsayar, ya tariyo ya tsayar, ya ciro ya duba ko zare ya yi lilo. Na kirki a cikinsu ba ya fara gwaji da kaset ɗin mai kaya.

Bayan 1986, da aka karya darajar naira a ƙarƙashin shirin SAP, sabuwar rakoda ta fi ƙarfin mutane da yawa, kayan gyara na asali suka yi tsada, sana'ar ta ƙara kasuwa, ta kuma koma ta dabara. Matacciyar rakoda ba a yar da ita, a jinginar da ita a lungun shago a riƙa cirar mata sifirin da taya. Bel ya ƙare, a yanko daga tsohon tub, ko a sa robar ɗaure kuɗi. Ya kamata a yaba wa wannan ƙoƙari, domin shi ya riƙe injinan shekara goma bayan sun isa mutuwa. Amma ba kyauta ya zo ba. Bel ɗin tub ba ya da kauri ɗaya, robar kuɗi tana miƙewa tana dawowa, sifirin da aka ƙara wa tauri don kuloci ya kama yana jan zare fiye da kima. Sakamakon shi ne gudu mai rawa. Mai sauraren wa'azi zai iya haƙuri da shi. Mai sauraren kalangu ba zai iya ba, don kalangu ganga ce mai hawa da sauka, makaɗi yana matsa tsirkiya da hammata ya fitar da magana, in inji ya ƙara masa nasa hawa da saukar sai maganar ta karkace. Yara da yawa da suka tashi a wancan zamani sun san muryar Shata ne a ɗan sama ko a ɗan ƙasa da yadda Allah ya ba shi ita.

Su ma masu rakoda sun koyi nasu. Tariya tana cin batir, batir kuwa kuɗi ne, don haka sai a zura biro mai kusurwa shida a ramin kaset a riƙa wulwulawa a iska. Wanda ya yi haka ya ɗauke wa injin aikin moto da na birki gaba ɗaya, kuma in ya tsaya ba zato zare yakan yi lilo a ciki. Masu lura sukan ɗan murɗa biron a hankali kafin su sa kaset, su ɗame zaren. Wannan ɗabi'a daidai take da abin da kamfanonin kaset suke bugawa a takardar gargaɗi, kuma ta ceci kaset masu yawa. In zare ya tsinke, a kwance sukurori biyar na akwatin, a haɗa bakin biyu da salatif ko jan farce, a rasa kalma biyu ko uku, a ci gaba.

Abin da ke kan zaren shi ya sa duk wannan ya zama abin damuwa. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi, wanda rediyon Kaduna ya fara watsawa daga masallacin Sultan Bello a 1967, da na Sheikh Ɗahiru Bauchi daga baya, mutane sun riƙa naɗarsu daga rediyo cikin azumi suna maimaitawa duk shekara. Bayan kafa Izala a Jos a 1978 kaset ya zama babban makamin wa'azi da raddi, kowane ɓangare da nasa. A kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ake jera injina ana kwafa, dillalai su rarraba, mai tura baro ya kai har kasuwar ƙauye. Waɗannan suna da kwafi dubbai, in ɗaya ya lalace akwai wani. Asarar tana wurin kaset ɗaya tilo: wanda wani ya ajiye rakodarsa a gaban makaɗa a wani biki a Bakori ko Malumfashi ya danna jan maɓalli. Shata, wanda aka haifa a Musawa, ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999 aka rufe shi a Daura, ba mai zama ya tsara waƙa ya haddace ba ne. A fili yake ƙera ta, shi ya sa Bakandamiyarsa ma ba a samun naɗi biyu da suka zo iri ɗaya. Kowane dare da aka naɗa abu ne da ba a sake yin irinsa ba. Haka wasannin Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, da yawansu a cikin gida aka yi su tsakanin mata, inda ma'aikacin gidan rediyo ba ya shiga amma rakodar amarya tana nan. Littafin Shata Ikon Allah da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, da aikin da Dokta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara ya ci gaba da yi a kan waƙoƙin, sun nuna yawan abin da mutumin ya bari. Ba a san adadin wanda kuloci ya tauna ba, ko wanda aka naɗi wani abu a kansa don babu kuɗin sabon kaset.

Da finafinan Hausa suka shigo bayan Turmin Danya a 1990, masu gyaran suka buɗe bidiyo suka tarar da tsohon sani: ɗamara mai ƙyalle kewaye da gindin faifai, da ɗan hannu mai auna taurin zare. Sun gane ta nan take. Daga nan faifan CD ya zo, sai memori da waya, aka wayi gari babu abin da ke juyawa balle a tsayar da shi. Wasu suka koma gyaran waya da talabijin da kayan sola, yaran shago suka koma tura waƙa a memori.

Zaren dai yana nan, a akwatunan ƙarfe da saman sif da ɗakunan ajiyar gidajen rediyo, kuma injin da zai karanta shi ne ke ƙarewa. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, suka yi shelar cewa kayan gyaran irin waɗannan injina suna gab da ƙarewa, suka ambaci wajajen 2025. Tsohon zare kuma ya fi sabo rauni. Wasu na shekarun 1970 da 1980 sun sha danshi sun yi danƙo, sai an gasa su a hankali a zafin da bai wuce digiri 55 ba kafin su yarda su warware. Wanda ya samu faifan Shata na asali ya ɗora shi kan injin da ya shekara 30 a ajiye ya danna tariya, yana iya hallaka shi cikin daƙiƙa biyar, don ƙyallen birkin ya bushe ko ya manne. Ƙa'idar da littattafan gyara suka shimfiɗa ita ce a fara da faifai fanko, a naɗa masa igiya, a ja da ɗan sikeli ta hagu da ta dama, a tabbatar ɓangaren bayarwa ya fi kamawa, sannan a gwada da zaren banza. Kaset kuwa a duba ɗan ƙyallen da ke danne zare a kan kai, don gam ɗinsa yakan saki ya faɗi, in akwatin ya karkace a mayar da zaren cikin wani, a tariyo shi da hannu sau ɗaya kafin a ba inji.

Mutanen da suka san wannan aiki da yatsunsu suna nan a Funtuwa da Malumfashi, mafi yawansu sun manyanta, kuma jami'o'i da gidajen rediyon da ke maganar adana tarihi su ya kamata su nema tun kafin su sayi kwamfuta. Kwashe sauti daga zare zuwa kwamfuta ba a yi masa gaggawa, da gudun saurare ake yinsa. Kaset mai minti 90 minti 90 yake ci, akwati mai kaset 100 kuwa aikin awa 150 ne, ban da lokacin kwancewa da liƙi da goge kai.